Kada a bari aska ta taɓa dasashin yaro

Ƴan uwa ƴan kasuwa, daga Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, akwai wata hasara da muke jawo wa ƴaƴanmu muna ganin taimako ne. Yaro ya kai shekara 11 ko 12, lokacin da fiƙar sama ke fitowa, sai ta rasa wuri, ta kumburo can sama kusa da gindin leɓe, ko ta ɓullo a karkace bisa sauran haƙora. Uwa ta ga abin ya ɓata bakin ɗiyarta, uba kuma na sauri zai bi mota, sai a ce a kai wa wanzami ya tsaga, ko mai cire haƙori na ranar kasuwa ya tumɓuke. A ganina wannan ɓarna ce babba.

Ka ɗaga leɓenka ka duba madubi. Naman da ke wurin iri biyu ne. Akwai mai tauri wanda ya manne da ƙashi, ya kewaye wuyan haƙori kamar ɗamara. Sama da shi akwai ja mai laushi, mai motsi idan ka ja leɓe. Mai taurin nan, wanda faɗinsa ƴan milimita ne kawai, shi ke tsare haƙori. Fiƙar da ta ɓullo ta cikin nama mai laushi ba ta da wannan ɗamara. In aka yanke ɗan abin da ke akwai aka yar, naman yakan ja da baya, saiwa ta fito fili, ruwan sanyi ya gagari mutum. Dasashin da ya janye kuwa ba ya komawa da kansa, sai dai likita ya ɗebo nama daga ganɗa ya dasa.

Shi ya sa ƙwararren likitan haƙori ke tattalin naman nan kafin ya sa wayar gyaran haƙora. Yana yin allurar kashe zafi, ya ɗaga dasashin mai tauri a hankali, ya matsar da shi ya ɗinke a wuyan fiƙar, don in ta sauko ta sauko da rigarta. In kuma ta yi nisa cikin ƙashi, sai a liƙa mata ɗan ƙarfe mai siririyar sarƙa, a mayar da naman a rufe, a riƙa jan ta kaɗan-kaɗan har ta shiga sahu. Wayar takan kai shekara biyu a baki. Fiƙa ta cancanci wannan wahala, domin duk cikin haƙora ita ce mai saiwa mafi tsawo.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne, aikin da tsada, kuma masu yin sa sai manyan birane irin Yamai da Kano. Amma akwai hanya mai araha, in an yi sammako. A shekarar 1988 wasu likitoci biyu a ƙasar Suwidin, Ericson da Kurol, sun bi yara ƴan shekara 10 zuwa 13 waɗanda fiƙarsu ta karkata wajen ganɗa. Fiƙar nono kawai aka cire musu, sai kashi 78 cikin 100 na haƙoran suka kama hanya da kansu, ba tiyata. Jinkiri kuma na da nasa haɗari: fiƙar da ta maƙale cikin ƙashi tana iya cinye saiwar haƙorin gaba da ke kusa da ita, yaro bai ji ko zafi ba.

Yawancinmu muna shiga Kano saro kaya, wasu ma duk wata. In yaronka ya kai shekara 11, fiƙar nono ta ƙi girgiza, ko ɓangare ɗaya ya fito ɗayan shiru, to ka ɗauke shi a tafiya ta gaba, ka ware safiya guda kafin ka shiga Kantin Kwari, a duba shi a ɗauki hoton haƙoran. In aka ce sai an yi aiki, ka tambayi likitan kai tsaye: dasashin da ke kan haƙorin, yanke shi za a yi ko matsar da shi?