Sunan Manomi A Jikin Buhu: Darasi Daga Wani Mai Suyar Gahawa

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, wanda na koyar da shi ilimin ginin kalma shekaru kusan goma da suka wuce, ya ziyarce ni a ofis ɗauke da tsaraba. Wani ɗan ƙunshi ne na gahawa, wato abin da akasarinmu muke kira kofi. Da ya gama digiri ya gaji da yawon neman aiki, sai ya harhaɗa jari ya sayi ƙaramin injin suya, ya kama shago a Abuja. A jikin ƙunshin an rubuta sunan wani manomi, da ƙauyensa a kan tsaunin Mambila ta Jihar Taraba, da watan da aka tsinki gahawar, da ranar da aka soya ta. Ya ce da ni, "Malam, daga gona ɗaya tak nake saye, ni da kaina nake hawa dutsen, a auna a gabana, in biya shi hannu da hannu."

Da yake ni ɗalibin harshe ne, sunan nan na jikin ƙunshi shi ya tsaya mini a rai. Hausawa sun ce suna linzami ne, to a harkar ciniki suna kuɗi ne. Mai karatu ya duba ita kanta kalmar. Daga Larabci muka aro "gahawa" kai tsaye. Ita kuwa kalmar Larabcin ta bi ta bakin Turkawa, ta shiga harsunan Turai, sannan ta dawo mana ta bakin Ingilishi a matsayin "kofi". Duk wanda ya taɓa hajar sai da ya bar tambarinsa a sunanta. Turawa suna kiran wata gahawa "Moka", alhali Mukha tashar jiragen ruwa ce a Yaman inda ake loda buhuna, noman kuwa can kan duwatsu ake yin sa.

Mu ma mun san irin wannan. Goron da kakanninmu fatake suka riƙa kira na Gwanja a kurmin Asante yake tsirowa, kasuwar Salaga ce ta ci sunan. Jar fatar akuyar Sakkwato kuwa, da ta ƙetare Sahara ta isa Turai, sai aka raɗa mata suna fatar Maroko. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Manoman gahawa na duniya sun ɗanɗana kuɗar wannan rashin suna. A shekarar 1989 tsarin ƙayyade yawan gahawar da kowace ƙasa za ta fitar ya rushe, daga baya Biyetnam da Burazil suka cika kasuwa da kaya, har a 2001 farashin laba ɗaya, wato ɗan ƙasa da rabin kilo, ya faɗi ƙasa da santi 50 na dalar Amurka. Manomin da ya tsinki nunannun 'ya'ya kaɗai ya shanya da kyau, da wanda ya kakkaɓe ɗanye da ruɓaɓɓe, duk a buhu ɗaya ake zuba kayansu, farashi ɗaya ake biyan su. To, me zai sa mutum ya wahalar da kansa?

A wannan tsakanin ne wasu ƙananan kamfanonin suya a Amurka, irin su Intelligentsia da Counter Culture da Stumptown, suka shahara da zuwa gona su yi ciniki da manomi ido da ido. Ma'aunin da ake amfani da shi kuwa shi ne, ƙwararrun masu ɗanɗano su ba gahawa maki bisa ɗari, wadda ta kai 80 ita ce ta shiga sahun ta musamman. A 2004 wata gona guda a ƙasar Panama mai suna Hacienda La Esmeralda ta sayar da laba ɗaya a kan dala 21 a gwanjo, a lokacin da gahawar gama-gari take neman dala ɗaya da ƙyar. Abin lura, irin da suka shuka, Gesha, asalinsa daga kudu maso yammacin Habasha aka ɗauko shi. Ita ma Habasha ta farga, ta shiga takaddama da kamfanin Starbucks a kan mallakar sunayen Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har aka sasanta a 2007. Ƙasa guda ta tashi tsaye saboda kalmomi uku.

Saboda haka ina ganin ɗalibina ya kama hanya. Sai dai malami ba ya duba takarda ya yaba kawai, dole ya ja jan biro inda ya kamata. Na tambaye shi, yaya yake yi idan damina ta ƙi? Ya yi shiru, sannan ya amsa cewa akwai shekarar da amfanin gonar ya yi ƙaranci, ya yi watanni shagonsa ba kaya, wasu abokan cinikinsa suka koma wani wuri ba su dawo ba. Manomin ma yana cikin irin wannan haɗari, ko ma fiye. Bishiyar gahawa sai ta shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara haihuwa. Idan mutum ya jingina gonarsa da mai saye ɗaya, ran da shagon ya rufe ina zai nufa?

Na biyu, mun saba zagin dillali, amma dillali yana wani aikin da ba a cika faɗa ba. Shi ke ba da bashi a lokacin da yaro ya kwanta ciwo ko kuɗin makaranta ya taso, shi ke kwashe mai kyau da mai dama-dama gaba ɗaya, shi ke ɗaukar wahalar mota a hanyar Gembu. Mai suya kuwa zaɓaɓɓiya kaɗai yake so. Wanda ya kori dillali ya zama wajibi ya gaji nauyinsa, ya biya wani kaso tun kafin girbi, ya kuma taimaka a samo wa ragowar kayan kasuwa.

Na uku shi ne ya fi damuna. Suna yana iya zama ado kawai. Ana iya buga sunan manomi har da hotonsa yana murmushi, a ninka wa mai saye farashi, shi kuwa a biya shi abin da dillali zai biya. Wannan ya fi fatar Maroko muni, domin a da kaya aka karɓe, yanzu an haɗa da fuska. Shawarar da na ba shi ita ce ya rubuta a jikin ƙunshin nawa ya biya kowane kilo a bakin gona, ya kuma yi yarjejeniya a rubuce, cikin harshen da manomin yake ji, Fulatanci ne ko Hausa ko Mambila, a gaban shaidu.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin mai shago ɗaya. Tun da aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, an bar ƙaramin manomi shi kaɗai a gaban kasuwa. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda gahawa take cikin amfanin da aka ɗora mata, tana da reshe a Mambila. Ya kamata gwamnatin Taraba ta haɗa hannu da ita a samar da sabon iri, a koyar da 'yan ƙasa aikin ɗanɗano da ba da maki, a kuma yi wa sunan Mambila rajista kafin wani daga nesa ya riga mu. Tarayyar Turai ta riga ta zartar da doka a 2023 wadda ta tanadi cewa mai shigar da gahawa ko koko sai ya nuna ainihin gonar da suka fito. Sanin gona ya fara zama sharaɗin shiga kasuwa.

Mu kuma ma'aikata da muke shan kofin gwangwani kowace safiya a ofis, ba laifi mu fara tambaya. Haka nan zuma, da albasar Aliero, da kifin Baga: wa ya samar, nawa ya samu? Na sha gahawar ɗalibina, ta yi daɗi ƙwarai. Na kuma shaida masa cewa makinsa yana hannuna sai ranar da na ga farashin bakin gona a rubuce kusa da sunan manomin. Allah Ya sa mu dace.