IDAN MAI KAYA YA MUTU, INA MAKOMAR KAYAN TARIHI?

A wannan makon za mu ɗan jingine labarin da muke bi, mu leƙa birnin Seattle na ƙasar Amurka, domin akwai wani al'amari da ya faru a can wanda nake ganin ya shafi duk mutumin da ya taɓa ɓata shekarunsa yana tara wani abu da yake ƙauna, littattafai ne ko kaset-kaset ko tsofaffin na'urori.

Duk wanda ya san kamfanin Microsoft ya san Bill Gates, amma ba kowa ya san abokinsa Paul Allen ba, wanda tare suka kafa kamfanin a 1975. Tun suna 'yan makaranta a Seattle suka fara koyon aikin kwamfuta, kuma ɗaya daga cikin injinan da suka goge a kansu ita ce PDP-10 ta kamfanin DEC, wadda girmanta ya kai jerin kabad-kabad a ɗaki guda. Da Allen ya yi kuɗi bai manta da ita ba. Sai ya shiga sayen irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci, ya ɗauki injiniyoyi suna gyara su, har a 2012 ya buɗe wa jama'a gidan da daga baya aka sani da Living Computers: Museum + Labs.

Abin da ya bambanta gidan nan da sauran gidajen tarihi shi ne ba a kulle kayan cikin gilashi a rubuta “kada a taɓa”. Kwamfutocin a kunne suke. Yaro zai zauna gaban injin da ya girmi babansa ya buga umarni ya ga amsa. Wanda ke nesa ma zai iya neman izini ya shiga wasu daga cikinsu ta intanet. Har da CDC 6500 ta shekarun 1960, wadda ta yi aiki a Jami'ar Purdue, sai da injiniyoyin gidan suka tashe ta bayan ta daɗe a kwance.

To, Allen ya mutu a watan Oktoba na 2018 yana da shekara 65. A watan Maris na 2020 aka rufe gidan saboda annobar korona, aka sallami ma'aikata, ba a kuma sake buɗe shi ba. A watan Yuni na 2024 masu kula da dukiyarsa, ƙarƙashin ƙanwarsa Jody Allen, suka sanar da cewa an rufe ke nan har abada, sannan a watan Satumba kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da manyan kayan. Kwamfutar Apple-1 ta tashi a kan dala 945,000, Cray-1 ta haura dala miliyan ɗaya, ita kuwa PDP-10 ɗin da ta fi kowacce kusa da zuciyar mai ita, dala 189,000 aka saye ta.

Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan magada. Ni kuwa a ganina babban laifin na mai kayan ne. Masu kula da dukiyar sun bayyana cewa burin Allen shi ne a sayar da kadarorinsa a zuba kuɗin a ayyukan taimako, kuma tun a 2010 shi da kansa ya yi alkawarin bayar da mafi yawan dukiyarsa. Wanda aka bar wa wasiyya aikinsa ya zartar da ita. Mutumin da zane-zanen da ya tara kaɗai suka tashi a kan fiye da dala biliyan ɗaya da rabi a gwanjon 2022, ba rashin kuɗi ne ya hana shi ware wa gidan nan abin da zai riƙe shi shekara ɗari ba. Abin da ya faru shi ne gidan bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa ba. Daga aljihun mutum ɗaya yake ci, da aljihun ya rufe sai ya faɗi.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Ai ba a ƙona kayan ba, kuma wanda ya fitar da dala miliyan ya sayi kwamfuta ba zai bar ta a ruwan sama ba. Wannan gaskiya ne, har ma wani gidan tarihin kwamfuta da ke jihar Jojiya ya karɓi kaya masu yawa daga ciki, ƙungiyar SDF kuma ta ci gaba da bai wa mutane damar shiga wasu tsofaffin injinan ta intanet. Sai dai tsohuwar kwamfuta ba kamar zanen bango ba ce da za a rataye a manta. Idan ta daɗe a kashe, kafasitocin da ke cikinta bushewa suke yi, batir ya yoyo ya cinye allon, robobin da ke juya faifai su narke, maganaɗisun da ke jikin tef ya riƙa zubewa tare da abin da aka rubuta a kansa. Abin da ke raya ta shi ne mutanen da suka san ciwonta, da takardun zanenta, da kayan gyaran da aka daina ƙerawa tun tuni. Waɗannan ukun ne aka haɗa wuri ɗaya a Seattle, su ne kuma suka watse. Yawancin waɗanda suka ƙera injinan nan sun tsufa ko sun mutu, saboda haka haɗa irin wannan ilimi a karo na biyu ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai kuma maganar amana. Ba duk abin da ke gidan ne Allen ya saya ba. Akwai mutanen da suka ɗauko injinan da suka adana shekara da shekaru suka bayar kyauta, bisa tunanin sun kai su inda za su dawwama. Ran da irin waɗannan mutane suka ji ana maganar gwanjo, me za su gaya wa na bayansu idan wani gidan tarihi ya zo neman kyauta?

Mu duba Ingila mu ga bambanci. Wani injiniya mai suna Tony Sale ya jagoranci sake ƙera Colossus, na'urar da Turawan Ingila suka yi amfani da ita wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a yaƙin duniya na biyu. Sale ya mutu a 2011, bai kuma mallaki ko kusa da abin da Allen ya mallaka ba, amma aikinsa bai bi shi kabari ba, domin yana hannun gidan tarihin kwamfuta na Bletchley Park, wanda ƙungiya ce mai rajista da amintattu da 'yan sa-kai. Shekara ɗaya bayan mutuwarsa ma gidan ya tashi wata kwamfutar ta 1951 mai suna Harwell Dekatron. Mai kuɗi ya riƙe nasa shi kaɗai ya watse, mai ƙaramin ƙarfi ya sa hannun jama'a a nasa ya tsira.

Saboda haka shawarata ga duk mai tara irin waɗannan kaya ita ce kada ya bar wa magada aikin da shi ya kamata ya yi. Magaji bai ga abin da ka gani a jikin kayan ba, shi tarkace ya gani sun cinye ɗaki, kuma ba a zarge shi ba. Ka rubuta sunan kowane abu da inda ka samo shi da yadda ake kunna shi. Ka kwafe abin da ke cikin faya-fayan zuwa na'urorin zamani tun suna karantuwa. Ka nemi inda zai karɓa tun kana da rai, ku yi yarjejeniya a rubuce, har da abin da za a yi idan su ma sun rufe. In kana da hali ka haɗa da abin da zai riƙa ciyar da kayan, kamar yadda mai waƙafin makaranta kan haɗa ta da gona ko shago. Gara ka ga kayanka sun bar gidanka da idonka a kan a raba su a bayanka.

Mu ma marubuta da masu karatu wannan magana ba ta bar mu ba. Littattafan Hausa nawa aka buga a kwamfuta aka adana a ƙananan faya-fayan disket, waɗanda yau samun injin da zai karanta su ma aiki ne? Wanda yake da irinsu a akwati, ko nasa ko na wani marubuci da ya riga mu gidan gaskiya, ya fito da su ya nemi a kwafe tun kafin su mutu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu. Na bar ku lafiya.