Masu cewa kula da mabiya ne ya ɓata Cult of the Lamb, ba ku gane wasan ba

Jama'a, kwana biyu ina ganin ƙorafin masu buga Cult of the Lamb, kuma yau dai sai na tanka. Wai wasan ya yi daɗi in ana faɗa, amma da ka dawo gida sai a haɗa ka da girki, noma da kwashe kashin mabiya. Wai da an cire wannan ɓangaren da ya fi. Haba! Wannan ai kamar ka ce a cire tuwon ne a bar maka miya.

Ga wanda bai san shi ba, kamfanin Massive Monster na Ostareliya ne ya yi shi, Devolver Digital ya fitar a watan Agustan 2022. Kai ɗan rago ne da aka yanka, wani abin bauta da ke ɗaure ya dawo da ranka, bisa sharaɗin ka kafa masa ƙungiyar asiri, ka kuma kashe manyan tsohon addini su huɗu: Leshy, Heket, Kallamar da Shamura. Duk shigar da za ka yi daji hanya ta canza, makami kuma sai wanda sa'a ta ba ka. In an kashe ka, ka koma gida ka yi asarar wani abu cikin abin da ka tara.

Na yarda, faɗansa bai kai na Hades zurfi ba. Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Kana can kana yaƙi, lokaci na tafiya a gida. Ka dawo ka tarar yunwa ta kama mutane, imaninsu ya yi ƙasa, wani ya fara zagayawa yana cewa kai maƙaryaci ne. Gaskiya kuwa ya faɗa. To me za ka yi da shi? Ko ka sa shi a turu kana yi masa wankin ƙwaƙwalwa, ko ka yi hadaya da shi sauran na tafi. Ni da kaina ranar farko hadayar na zaɓa, saboda ta fi sauri. Sai da na ajiye abin bugawar jikina ya yi sanyi.

Shekara goma sha ina aikin gwamnati, na san yadda ake ji da mai yawan tambaya a ofis. Ba a amsa masa, canza masa wurin aiki ake yi. Wasan nan ya ɗora ka a kujerar mai yin hakan, ya nuna maka ba sai ka zama shaiɗan ba, gaggawa da son a bar ka ka huta sun isa. Har doka za ka iya kafawa mabiya su riƙa cin ciyawa suna murna. Kai da ke cewa mabiya sun dame ka, ka saurari kanka. Haka duk mai riƙe da jama'a yake faɗa ranar da ya fara ganinsu a matsayin kaya.

Sai ku iyaye. Kar kyan ɗan ragon ya ruɗe ku ku miƙa wa ɗan firamare. Akwai tsafi, hadaya da cin naman mabiya a ciki, kuma a Turai ma sai ɗan shekara 12 aka yarje wa. Ni ban bai wa ƙananan yarana ba. Wanda ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da bautar ƙarya ko a wasa ba, ina girmama shi, hujjarsa ta fi taku ƙarfi nesa ba kusa ba.

Amma kai baligi da ka buga har ƙarshe, abin da ka fito da shi kawai shi ne shara ta yi yawa, wallahi ka sake bugawa. Wannan karon ka kalli fuskar wanda ka sa a turu.