Gurbin da Ɗalibi Ke Bari a Takarda

Akwai wata dabara da malaman zane ke koya wa ɗalibai, wadda a ganina ta cancanci tafakkuri, ita ce a umarci yaro kada ya taɓa abin da yake nufin zanawa, sai dai ya cika duk abin da ke kewaye da shi da fensir ko gawayi, har surar abin ta bayyana da kanta, fara fat, a tsakiyar takarda. Idan aka haɗa wannan dabara da mas'alar halittun da ke ɓacewa, sai ka ga ɗalibi ya zana itatuwa da ciyawa da sararin samaniya, ya bar gurbin dabbar da ta taɓa zama a wurin.

Ina da yaƙinin cewa yaranmu na cikin waɗanda suka fi bukatar wannan darasi, domin kuwa guraben da ke dawanmu ba kaɗan ba ne. Karkandan Afirka ta Yamma, wanda ragowarsa ta ƙarshe take arewacin Kamaru, an bi sawunsa a 2006 ba a sami ko ɗaya ba, aka tabbatar da ƙarewarsa a 2011. Mariri kuwa, a 2000 aka ce babu shi a dawa, sai a 2016 aka maido da shi Chadi daga inda ake kiwonsa. Raƙumin dawan yankinmu ya ragu har zuwa kimanin 50 a 1996, duka a wajen Kure kusa da Yamai, amma da aka tsare shi tsakani da Allah, sai ga shi ya haura 600, abin da ke nuna cewa gafala ce ciwon, kuma tana da magani.

Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne ungulu, wadda aka sa cikin halittun da ke gab da ƙarewa a 2015. A ce wa yaro ya zana mahautar garinsu: rufin kwano mai tsatsa, da mahauci da wuƙarsa, da kwatar da jini ke bi, sa'an nan ya bar fararen guraben ungulaye a jere bisa rufin. Idan bai taɓa ganin ungulu ba, tilas ya koma wurin kakansa ya tambayi yadda wuyanta yake da yadda take tsugune, kuma daga wannan tambaya babu makawa zai kai ga ta biyu, wato me ya kore ta. Nan zai ji labarin guba da ake sa wa mushe, da masu farautar kanta da ƙafafunta don tsibbu, zai kuma fahimci dalilin da ya sa mushe ke kwana yana ruɓewa a bakin gari. Jadawalin sunaye da aka haddace don jarrabawa ba ya tura yaro wurin kakansa.

Halittun nan amana ce da Allah Ya ɗora mana, kuma wanda bai san an yi rashi ba, ba zai nemi kiyaye ragowar ba. Don haka ina roƙon malaman firamare da hukumomin ilimi su shigar da wannan aiki cikin darasin kimiyya da na zane tun wannan zangon, tunda takarda da gawayi kaɗai yake bukata.