Gobe Ba Ta da Ƙofa Ɗaya a Sifaniyanci

Littattafan koyon Sifaniyanci da dama kan gabatar da lokaci mai zuwa tamkar siga ɗaya gare shi: hablaré, hablarás, hablará. Ɗalibi ya haddace jadawalin, ya ƙara da aikatau 12 masu saɓa ƙa'ida irin su tendré da haré da diré, ya ci jarrabawa. Ranar da ya zauna da mutumin Meziko ko Kolombiya, sai ya ji voy a hablar ce ta cika masa baki. Wannan tsarin koyarwa yana bukatar gyara.

Hanyoyi uku ne manya. Ta farko ita ce ir a haɗe da aikatau: voy a estudiar, zan yi karatu. Ita ce ta hirar yau da kullum, musamman a Latin Amurka, kuma ita ta fi dacewa a fara da ita. Ɗalibin da ya taso da Faransanci ya san je vais parler, Bahaushe kuwa ya san cewa “za” ɗin “zan karanta” ɗan uwan “za ni kasuwa” ne. Tafiya ce ta zama alamar gaba a harsunan uku.

Ta biyu ita ce lokaci mai ci, ga abin da aka riga aka tsaida: mañana salgo para Madrid, gobe ne tafiyata Madrid.

Ta uku, hablaré, ta fi yawa a rubutu da alkawari da hasashe. Wani lokaci ma ba ruwanta da gobe. Mai cewa serán las tres yana nufin wataƙila ƙarfe uku ta yi yanzu. Ɗalibin da aka koya wa cewa wannan siga lokaci kawai take nunawa zai fassara jimlar a karkace.

Akwai kuma tarkon cuando. Ba a cewa cuando llegará don nufin “idan ya iso”, sai cuando llegue. Hausa ma ba ta cewa “idan zai iso” a wannan ma'ana.

Malamai za su ce jarrabawa jadawali take tambaya. Gaskiya ne, kuma ba a hana haddarsa ba. Sai dai wanda ya bambance “zan zo” da “na zo in Allah ya yarda” tun yana yaro ya cancanci a nuna masa cewa Sifaniyanci ma yana auna niyya da tabbaci da zato kafin ya zaɓi siga.