Ina Mazan Suke?



Da an ambaci ƙanjamau a Zariya sai a nuna ɗaliban Samaru da otal-otal na Sabon Gari. To ku leƙa ɗakin awon ciki. Wadda ma'aikaciyar jinya ke ja gefe ta yi mata magana ƙasa-ƙasa matar aure ce, da hijabinta, da katin awo a hannu, wata ma da yaro riƙe da zanenta.

Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya gano cutar a jikin kashi 1.9 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49, maza kuwa kashi 0.9. Kuma mafi yawan masu kamuwa ta hanyar saduwa suke kamuwa. Mace dai awo ya kai ta gwaji. Maigida fa? Maigida ya sauke ta a ƙofar asibiti ya juya babur. Aka ce ta zo da shi, ya ce yana kasuwa. Aka sake aikawa, ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Ƙwayar cutar nan tana iya shekaru a jiki mutum na cin tuwonsa, ko ciwon kai babu. Maigidan nan ne zai saki wannan, ya auro bazawara, ya ƙara da budurwa, bai taɓa miƙa yatsa an ɗebi jininsa ba.

Za ku ce ai akwai gwaji kafin aure. Akwai, madalla. Amma takardar da aboki ya karɓo wa ango, ko wadda aka saya a bayan fage, wa ta kare? Waliyyai, don Allah ku raka su da ƙafarku. Liman, a duba takarda da kyau kafin a shafa fatiha. Kuma a sani, wanda bai daɗe da kamuwa ba gwaji na iya kasa nuna shi har wata 3, sai an maimaita.

Abin da ya fi ci mini rai jarirai ne. In uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari na iya ɗauka. In tana sha, ba ya kai 5. Maganin kyauta ne, ga asibitin koyarwa na Shika nan kusa. Amma matar da ke tsoron saki ɓoye kwalbar take yi a ƙasan adaka, yau ta sha, gobe maigida na ɗaki ta fasa.

Maigida, ranar awo mai zuwa ka kafe babur ɗin, ka bi ta ciki, a gwada ku tare.