Sharhi: Tagar da ke Gumi a Sanyin Ingila

Sharhinmu na yau na 'yan'uwanmu ne da karatu ko aikin jinya ya kai Birtaniya, da iyayensu da ke nan gida suna bugo waya suna tambayar yaya sanyi.

Sanyin da muka sani a Kano ko Damagaram busasshe ne. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, wanki ya bushe kafin azahar. Maganinsa a rufe ƙofa, a toshe kowace kafa. Mutum ya sauka Manchester da wannan ɗabi'ar, sai ya wayi gari gilashin tagarsa sharkaf, ruwa na gangarowa, bayan 'yan makonni kuma baƙar fumfuna ta kama bango.

Ruwan nan ba daga waje ya shigo ba. Iskar da ke digiri 20 tana ɗaukar kusan ninki biyu na laimar da iskar digiri 10 ke iya ɗauka. Idan iskar ɗaki mai ɗumi ta taɓa gilashi mai sanyi, sai ta sauke abin da ta ɗauko, kamar yadda tururi ke komawa ruwa a murfin tukunya. Girkinmu kuwa ba na gaggawa ba ne. Farfesu ya daɗe yana tafasa, a yi wanka da ruwan zafi, a shanya kaya a kan hita, ga numfashin masu barci duk dare. Ina laimar za ta je, tunda an kulle ko'ina?

Don haka a rufe tukunya, a kunna fankar kicin da ta banɗaki, a ja ƙofofinsu. Da safe a goge gilashi, a buɗe tagogi wangale na minti 5 zuwa 10, kamar yadda Jamusawa ke yi ko da ƙanƙara na zuba. Iska ta sauya amma bango bai huce ba. Hukumomin lafiyar Birtaniya na cewa ɗumin ɗaki kada ya gaza digiri 18. Gas na da tsada, gaskiya ne, amma ɗumi kaɗan mai ɗorewa ya fi a ƙure hita awa ɗaya a kashe. A matsar da gado da kabad daga jikin bango. Garwashi kuwa kada ma a fara, hayaƙinsa na kisa a rufaffen ɗaki.

Sai dai akwai inda dabarar ɗan haya ke ƙarewa. A Disambar 2020, Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2 da iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a garin Rochdale na Ingila. A Nuwambar 2022 binciken kotu ya tabbatar cewa fumfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi. Tun 2017 mahaifinsa ya kai kuka, aka ce ya shafe wurin da fenti. Masu gidan har zato suka yi wai yadda iyalin ke wanka ne ya jawo laimar, alhali iska ce ba ta da mafita a gidan. Sau da yawa baƙo akan ɗora wa laifi, shi kuma ya yi shiru don gudun rigima.

Daga 27 ga Oktoba 2025, dokar da aka sa wa sunan yaron ta fara aiki a Ingila: masu gidajen hayar gwamnati da na ƙungiyoyi dole su binciki laima mai haɗari cikin kwanakin aiki 10. Wanda ke haya a hannun ɗan kasuwa kuma yana da ikon kai ƙara ƙaramar hukumarsa.

Mai sauraro, idan ka yi naka kuma fumfuna ta dawo, musamman in da jariri ko mai asma a gidan, ɗauki hoto, ka rubuta wa mai gida da kwanan wata, ka ajiye kwafi. Kada ka yarda a sallame ka da gwangwanin fenti.